Jagorar Warware Rikicin Haya a Katsina: Daga Bashin Kuɗin Haya Zuwa Karɓar Makulli

Gidan haya ya yi tsada a birnin Katsina, kuma dalilan a fili suke. Tun da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Kaduna a 1987 garin yake cika da ma'aikata, daga baya ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman Katsina suka ƙara yawan masu neman ɗaki, sannan a 'yan shekarun nan iyalai masu yawa daga yankunan Batsari, Jibiya, Safana da Ƙanƙara suka baro gonakinsu saboda 'yan bindiga suka shigo gari. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara matse kowa, domin mai gida yana kukan tsadar siminti da kwano, ɗan haya kuma abin da yake samu a wata ba ya kai shi ƙarshen watan.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, abin da muke kira rikicin haya galibi magana uku ce aka cakuɗa. Akwai maganar bashi, wato nawa ake bi. Akwai maganar tashi, wato yaushe kuma ta wace hanya ɗan haya zai bar gidan. Akwai kuma maganar matsayi, wato ko mutumin da ke cikin gidan ɗan haya ne ma tukuna, kuma ko wanda yake korarsa shi ne mai iko da gidan. Kowace da hujjarta, wani lokaci ma kowace da kotunta, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya ya tafi gaban alƙali yakan yi asarar watanni ko da shi ne mai gaskiya.

Mataki na farko: a tantance irin hayar

Kafin a rubuta wa kowa takarda, a zauna a tabbatar da ranar da aka shiga gidan, da kuɗin da aka yi yarjejeniya a kai, da yadda ake biya, wata-wata ne ko shekara-shekara, da kuma ko an yanka ranar ƙarewa ko an bar hayar tana sabunta kanta duk lokacin da aka biya. Wannan bambanci na ƙarshe shi ne zai nuna tsawon notis, kuma a nan ne masu gidaje da yawa suke fara kuskure.

Idan akwai rubutacciyar yarjejeniya, ita ce abin dubawa na farko, domin wa'adin da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu shi kotu take bi kafin ta koma ga wanda doka ta tanada. Sai dai yawancin hayar da ake yi a unguwanninmu, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Sabuwar Unguwa da Rafin Daɗi, da baki ake ƙulla ta a gaban dillali, a biya la'ada, a miƙa makulli. Irin wannan haya ingantacciya ce, amma tabbatar da sharuɗɗanta yana da wuya idan gardama ta taso. Saboda haka kowane ɓangare ya tattara rasit, da takardar banki mai nuna kuɗin da aka tura, da saƙonnin waya ko na WhatsApp da aka yi maganar haya a ciki, ya kuma tabbatar dillalin da ya haɗa su zai yarda ya ba da shaida. Dokar Shaida ta 2011 ta amince da hujjar da aka ciro daga waya ko kwamfuta idan an cika sharuɗɗan sashe na 84, don haka kada a goge saƙo saboda fushi.

Mataki na biyu: a fitar da lissafi a rubuce

«Ina bin sa kuɗin wajen shekara» ba lissafi ba ne. A ɗauki misalin gidan da ake biyan naira 300,000 a shekara, wato naira 25,000 ke nan a wata, hayar ta ƙare ranar 31 ga Disamba, ɗan haya kuma yana ciki har ƙarshen Afrilu bai sabunta ba. Kuɗin wata huɗu naira 100,000 ne. Idan ya tura 40,000 a watan Fabrairu, kuma ya gyara rufin da ke yoyo da 30,000 bisa amincewar mai gida, abin da ya rage a kansa 30,000 ne. Idan kuwa gaban kansa ya yi, ya sa tayil ko ya sake fenti don jin daɗinsa ba tare da ya nemi izini ba, da wuya kotu ta cire masa kuɗin daga haya. Kuɗin wuta na KEDCO da na ruwa a rubuta su daban.

Ƙarin kuɗin haya ma a nan yake shigowa. Mai gida ba ya iya ƙara kuɗi a tsakiyar wa'adin da aka riga aka biya, kuma ƙarin da ya sanar amma ɗan haya bai amince da shi ba, da baki ko ta hanyar biya, bai zama bashi ba. Abin da mai gida yake da iko a kai shi ne ya ƙi sabunta hayar a tsohon farashi, ya ba da notis.

Mataki na uku: sulhu, amma rubutacce

Ina ganin kuskure ne a tsallake wannan mataki, ko da rai ya ɓaci. Shari'ar Musulunci ta yi wa kowane ɓangare magana: aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya ce jinkirin biya daga mai hali zalunci ne. Aikin masu sulhu shi ne su gane wanne ne a gabansu, domin ma'aikacin da albashinsa ya makale ko magidancin da ya gudo daga ƙauye da iyalinsa ba ɗaya yake da mai shago yana ciniki amma yana wasa da haƙƙin mutane ba. Haka kuma kada a manta mai gidan ma sau da yawa ba attajiri ba ne, yana iya zama tsohon ma'aikaci mai jiran fansho, ko gwauruwa mai marayu da kuɗin ɗakuna biyu take ciyar da su.

A fara da dillali da maƙwabta biyu, in abin ya faskara a je wurin mai unguwa ko limamin unguwa. Hukumar Hisbah ta jiha da zaurukan sulhu da ke ƙarƙashin ɓangaren shari'a su ma suna zaunar da mutane a kan irin wannan. Amma kowa ya san iyakar waɗannan wurare: sasantawa suke yi, ba su da ikon fitar da mutum daga gida da ƙarfi. Mai gida ya shiga da buƙata mai kama hankali, misali ya ce: «Ranka ya daɗe, ba tozarta Malam nake nema ba. Ya faɗi ranar da zai iya biya, ko ranar da zai ba ni makullina, a rubuta.» Abin da aka amince da shi a rubuta shi da adadi da ranaku, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, shaidu biyu su sa nasu, kowane ɓangare ya tafi da kwafi. Sau da yawa yafe wani ɓangare na bashin a madadin tashi a kan lokaci ya fi wa mai gida riba a kan shari'ar da za ta ci kuɗin lauya da watannin da gidan ba ya kawo komai.

Mataki na huɗu: notis

Idan sulhu ya ƙi, sai a koma ga takardu, kuma takardu biyu ne a jere. Ta farko ita ce notis na kawo ƙarshen haya. Inda yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, ƙa'idar da dokokin karɓe gidajen haya suka ginu a kai ita ce mai biya mako-mako a ba shi mako guda, mai biya wata-wata a ba shi wata guda, mai biya duk wata uku a ba shi wata uku, mai hayar shekara-shekara kuma a ba shi wata shida. Ga mai hayar shekara, hanya mafi aminci ita ce a sa notis ya ƙare a jajibirin ranar da shekarar hayar take zagayowa. Idan hayar tana farawa ne ranar 1 ga Janairu, takardar ta isa hannunsa kafin watan Yuni ya ƙare, ta kuma ce ya tashi ranar 31 ga Disamba. Hayar da aka yanka wa ranar ƙarewa tun farko, aka rubuta shekara ɗaya tak daga rana kaza zuwa rana kaza, ba ta buƙatar wannan takarda, domin cikar wa'adin ya riga ya kawo ƙarshenta.

Takarda ta biyu ita ce ta kwana bakwai, wadda take sanar da ɗan haya cewa mai gida zai je kotu neman a karɓar masa gidansa. Ba a ba da ita sai ta farko ta cika, kuma a bar kwana bakwai cikakku su wuce, ban da ranar da aka miƙa ta, kafin a shigar da ƙara. Kowace takarda ta ƙunshi sunan mai gida da na ɗan haya, da bayanin gidan yadda ba za a rikita shi da wani ba, da irin hayar, da ranar tashi, da sa hannu. Idan lauya ko dillali ne zai sa hannu a madadin mai gida, mai gidan ya fara ba shi izini a rubuce, domin rashin wannan izini ya sha rusa ƙararraki. A miƙa takardar hannu da hannu a gaban shaida, ɗan haya ya sa hannu a kwafi. In ya ƙi karɓa ko yana ɓuya, a manna ta a ƙofar gidan, a ɗauki hoto, wanda ya kai ta kuma ya rubuta rana da lokaci.

Tambayar da masu gidaje suka fi yi ita ce ko wanda ya daina biya ya cancanci wata shida. A shari'ar Odutola da kamfanin Papersack ta 2006, Kotun Ƙoli ta ɗauki wanda ya ci gaba da zama bayan hayarsa ta ƙare a matsayin mai zama bisa ganin damar mai gida, wanda dogon notis bai hau kansa ba. A 2021 kuma, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, kotun ta nuna cewa bai kamata ɗan haya ya riƙa fakewa da kuskuren notis yana zaune shekara da shekaru a gidan mutane ba. Duk da haka shawarata ita ce kada mai gida ya yanke wa kansa cewa gajeren notis ya wadatar, ya kai takardunsa lauya ya duba. Idan kuma ɗan haya ya kawo kuɗi bayan an ba shi notis, a rubuta a rasit cewa biyan tsohon bashi ne, don kada a fassara shi da sabunta haya.

Abin da bai halatta mai gida ya yi ba

Cire kwanon rufi, ɓalle ƙofa, sa kwaɗo a ɗaki, yanke wuta ko ruwa, watso kaya waje, turo matasa su tsorata iyali, duk waɗannan doka ta hana su ko da bashin ya kai shekara biyu kuma notis ya cika. Muddin mutum ya shiga gida ta halattacciyar hanya, kotu ce kaɗai take fitar da shi. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnatin soja ta Jihar Legas saboda ta fitar da Odumegwu Ojukwu da ƙarfi daga wani gida a Ikoyi alhali maganar tana gaban kotu. Abin da aka hana gwamnati mai bindiga, ba za a halatta wa mai gida ba. Wanda ya yi haka yana iya wayar gari ana bin sa diyyar da ta fi bashin da yake bi, ban da tuhumar laifin kutse ko ɓarnata dukiya. Ga kuma abin da ya fi diyya nauyi, wato tona asirin matan aure da ƙananan yara a bainar jama'a.

Ofishin 'yan sanda ma ba wurin karɓar kuɗin haya ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ɗan hayar da aka yi wa ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ya ɗauki hotuna, ya kira shaidu, ya rubuta abin da ya lalace, kada ya rama da hannunsa. In ba shi da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam suna da ofisoshi a Katsina.

Mataki na biyar: kotu

Ƙarar haya takan fara ne a ƙaramar kotu, ko dai gaban majistare, wanda a ƙararrakin da ba na laifi ba yake zama a matsayin alƙalin kotun gunduma, ko a kotun shari'ar Musulunci idan ɓangarorin Musulmi ne. Wanda ba Musulmi ba ba a tilasta masa tsayawa a kotun shari'ar Musulunci. Kowace ƙaramar kotu tana da iyakar kuɗin da take iya yin hukunci a kai, abin da ya haura sai Babbar Kotu, saboda haka a tambayi rajistara kafin a biya kuɗin shigar da ƙara, a kuma karɓi rasit na duk abin da aka biya. Mai gida ya nemi abu uku a fili: a mayar masa da gidansa, a biya shi bashin da ya taru kafin hayar ta ƙare, a kuma biya shi kuɗin zaman da aka yi daga ƙarewar haya har ranar miƙa makulli.

Ɗan hayar da aka kawo wa sammaci ya je. Ƙin zuwa ba ya tsayar da shari'a, sai dai ya sa a yi hukunci a bayan idonsa. Idan ya amince da bashin, ya faɗa, ya roƙi a raba masa biya kuma a ba shi lokacin neman wani gida. In yana da nasa haƙƙin, kamar kuɗin gyara ko ragowar hayar da ya biya, ya gabatar da shi a cikin wannan shari'ar.

Idan ana jayayya a kan hayar kanta

Nan ne abin ya fi sarƙewa. Wani zai ce shi ba haya yake yi ba, aro marigayi mai gidan ya ba shi, ko kyauta, ko jingina ce ya ba da kuɗi aka ba shi gidan ya zauna, ko kuma ya riga ya biya rabin kuɗin saye. Ƙa'idar Musulunci ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa, don haka mai cewa an ba shi kyauta shi zai kawo shaidu. Rasit ɗaya na haya yana iya rusa irin wannan da'awa, domin sashe na 170 na Dokar Shaida ya hana ɗan haya musun cewa wanda ya sa shi a gida yana da iko da gidan a lokacin da hayar ta fara. Ɗan hayar da ya ƙirƙiro da'awar mallaka don ya ja lokaci yana jefa kansa cikin haɗari, domin musun ikon mai gida yana iya zubar masa da haƙƙin notis. Idan kuwa da'awar ta gaskiya ce, magana ta tashi daga haya ta koma mallaka, kuma a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 Babbar Kotu ce take sauraron jayayya a kan filin da gwamna ya ba da takardar mallakarsa.

Mutuwar mai gida ba ta kashe haya. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, haya ba ta warwarewa da mutuwar mai gida ko ta mazaunin gida, magada suna gadon gidan ne tare da yarjejeniyar da ke kansa. Matsalar takan taso ne idan ɗa ya zo ya ce a ba shi kuɗin, washegari ƙanin marigayi ya zo da notis. Ɗan haya kada ya zaɓi ɓangare, kuma kada ya mayar da rigimar magada dalilin cin kuɗin haya. Ya ajiye kuɗin, ya nemi magadan su nuna masa wakili ɗaya a rubuce, ko ya roƙi kotun shari'ar Musulunci da ke rabon gadon ta faɗa masa inda zai biya. Magajin da ba a ba shi gidan a rabonsa ba, kuma sauran ba su wakilta shi ba, notis ɗinsa abin ƙalubalanta ne.

Sayar da gida ma haka yake. Wanda ya saya ya jira wa'adin da aka riga aka biya ya cika, tsohon mai gida kuma ya gabatar da shi ga 'yan haya a rubuce. Idan dillalin da mai gida ya wakilta ya karɓi kuɗi ya cinye, ɗan haya mai rasit ya fita daga bashin, mai gida ya bi dillalinsa. A gidajen ɗalibai na wajen Batagarawa kuma akan samu wanda ya kama ɗaki ya sayar wa wani ragowar wa'adinsa ba da sanin mai gida ba. Wanda ya shigo ta wannan hanya haƙƙinsa bai wuce na wanda ya sa shi ba, amma shi ma a sanar da shi ƙarar, tunda shi ne a cikin ɗakin.

Akwai wani yanayi da yake damuna ƙwarai, wato magidanci ya yi saki ko ya tafi neman kuɗi ya daina aike, ya bar mace da yara a gidan haya. Bashin yana kan wanda ya kama hayar, kuma Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa miji mazaunin matar da ke idda. Mai gida ya nemi mijin ko danginsa, ya sa sunansa a notis da ƙara, ya kuma ba matar lokacin da waliyyanta za su samar mata wuri.

Mataki na shida: bayan hukunci

Hukunci ba izini ba ne ga mai gida ya je ya fitar da kaya da kansa. Idan ranar da alƙali ya yanka ta wuce ɗan haya bai tashi ba, mai gida ya koma kotu ya nemi takardar zartarwa, ma'aikatan kotu su je da rana, 'yan sanda su raka su don tsaro kawai. Ɗan hayar da bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara cikin wa'adin da doka ta ba shi, amma ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta dakatar da zartarwa, sai ya nemi umarnin dakatarwa daban.

Ranar tashi, ko ta hanyar kotu ko ta sulhu, a zagaya gidan tare da shaidu biyu, a rubuta abin da ya lalace, a bambanta tsufan da zama yake kawowa da ɓarnar ganganci. A karanta mitar wuta a rubuta lambar, a daidaita kuɗin ruwa. Mai gida kada ya riƙe katifa ko keken ɗinki a madadin bashi sai da yardar mai su a rubuce ko da umarnin kotu. Idan akwai ragowar bashi, a rubuta adadinsa da ranakun biya da sunan wanda ya tsaya wa ɗan haya, sannan mai gida ya sa hannu cewa ya karɓi makullansa, da adadinsu da kwanan wata, domin daga wannan rana ce lissafin kuɗin zama yake tsayawa.